Agege Ta Zama Birni, Mu Ina Takardunmu?

Duk wanda ya tsaya a kan gadar sama ta Pen Cinema ya dubi Agege a yau, da wuya ya yarda cewa wannan wuri ƙauye ne na manoman Awori. Layin dogo ne ya ɗaga shi. An buɗe hanyar jirgi daga Ikko zuwa Badun a 1901, ta ratsa ta Agege, sannan ta isa Kano a 1911. Gonakin koko da na goro suka bunƙasa, kakanninmu kuma suka riƙa sauko da shanu suna komawa Arewa da huhun goro. Inda suke yada zango, nan ne ya zama unguwarmu, har muka sami sarkinmu.

To, jama'a, tarihi ba ya hana rusau. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Legas a 1967 birni yake matsowa, har ya haɗiye mu. A 2021 aka buɗe gadar Pen Cinema da sabon layin dogo na Badun, a 2024 kuma aka ƙaddamar da jirgin Red Line. Wannan ci gaba ne, muna maraba da shi. Amma ƙasa ta yi tsada, kuma ran da aka zo awon hanya ko biyan diyya, takarda ake tambaya, ba sunan kaka ba.

Wasu na cewa mu baƙi ne, sai mu yi shiru kada mu tsokano fitina. Ban yarda ba. Ba mu neman sarautar kowa, mun kuma san Awori ne suka sauki kakanninmu, girmansu yana nan. Sai dai tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci a sashe na 42, ya ba shi ikon mallakar gida ko fili ko'ina a sashe na 43.

Laifin namu shi ne sakaci. Gidaje nawa ne a unguwarmu aka saya da baki, shaidun kuma sun rasu? Ni kaina sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci. Kafin nan na sha dangwala yatsa a kan abin da ban san me ya ƙunsa ba.

Saboda haka kowane maigida ya tattaro rasit da yarjejeniyar gidansa ya kawo ofishin ƙungiya a duba. A yi wa yara takardar haihuwa. A karɓi katin shaidar zama na jiha, a kuma dawo da katin zaɓe nan inda muke kwana. Kansila ba ya sauraron unguwar da ba ta da ƙuri'a.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Sakataren Ƙungiya