Albashin ma'adinai ba gado ba ne

Ranar 31 ga watan Maris na 2021 kamfanin Cominak ya rufe ramin yuraniyom na Akuta, bayan shekaru fiye da 40 ana haƙa. Ma'aikatan kamfanin sun karɓi kuɗin sallama. To, mai kantin Akokan da ya saba ba da shinkafa bashi sai ƙarshen wata, da mai tuwo a bakin tasha, da makiyayin Dannet da ke kawo awaki da cuku kasuwar Arlit, su wa ya sallame su?

A watan Yunin 2025 gwamnati ta mayar da Somair hannun ƙasa. Mun yi murna, amma murna ba ta cika tukunya. Hanyar Tawa zuwa Arlit ta lalace, kuɗin mota ya hau, kuma mai saye ne ke biyansa a kan kowace tiya ta hatsi.

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa gundumomin jihar da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu. Muna kira ga hukumomin Dannet da Arlit su fito su faɗa wa talakawa nawa ya shigo, kuma rijiya ko rumfa nawa aka yi da shi.

Ku kuma 'yan kasuwa, iyayenmu mata musamman, ku rubuta kowane bashi, ku riƙe adashi, kada ku zuba jarinku duka a kan albashin wani. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Allah ya sa mu dace.