Dillalan Makarantu: Wa Ke Biyan La'adar?

Kwanakin baya wani aminina, likita mazaunin Abuja, ya roƙe ni in raka shi wajen wata mata da ya kira mai ba da shawara kan karatun yara. Yana so ya kai 'yarsa mai shekara 12 makarantar kwana a Ingila, kuma a cewarsa, tunda ni malamin jami'a ne, kunnena zai kama abin da nasa zai tsallake. Muka same ta a zauren wani otal, ta baje ƙasidu masu sheƙi ɗauke da hotunan filayen wasa kore shar. Ta yi mana bayani na kusan sa'a guda cikin ladabi da sanin makamar aiki, ta kuma zaɓo masa makarantu uku da ta ce sun dace da yarinyar, wadda ko ganinta ba ta taɓa yi ba. Da za mu tashi ya tambayi nawa zai biya, ta ce ko sisi, aikinta kyauta ne. Shi ya fito yana murna, ni kuwa tun daga wannan kalma hankalina ya ƙi kwanciya, domin na san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wannan sana'a ba a nan aka ƙirƙiro ta ba. Tushenta Amurka da Ingila, inda shiga fitacciyar makarantar kuɗi ya zama kokawa, kuma masu yin ta iri biyu ne. Akwai wanda iyaye ke biya daga aljihunsu, ya zauna da yaro, ya duba sakamakonsa da halinsa, sannan ya faɗi inda yake ganin zai yi albarka. A Amurka irin waɗannan suna da ƙungiya mai suna IECA, wadda aka kafa a 1976, kuma ƙa'idarta ta haramta wa mambobinta karɓar lada daga makaranta don sun kai mata ɗalibi. Akwai kuma wanda makarantar ce ke biyansa wani kaso na kuɗin karatun duk yaron da ya kawo mata, kuma da irinsa makarantun kwana na Ingila da dama suke farautar ɗalibai daga ƙasashen waje, har da Nijeriya.

To, mai karatu, mu da muka tashi muka ga kasuwar kara mun san sunan mutum na biyun. Dillali ne, abin da yake karɓa kuma la'ada. Ban faɗi haka don ƙasƙanci ba, dillanci sana'a ce ta mutunci, kuma ba don dillalai ba da ciniki da yawa bai faɗa ba. Amma a kara kowa ya san dillali, ya san mai sa, ya san daga hannun wa la'ada za ta fito, don haka idan dillali ya yabi dabba mai saye ya san ma'aunin da zai ɗora yabon a kai. Aikina nazarin harshe ne, kuma na daɗe da lura cewa suna yakan riga hujja shiga zuciya. Idan aka ce maka ga dillali, sai ka gyara zama ka buɗe ido. Idan aka ce ga mai ba da shawara, sai ka saki jiki kamar kana gaban likita. Aminina, wanda ba ya sayen ragon layya sai ya zagaya kasuwa sau biyu, ya kusa miƙa shekaru shida na rayuwar 'yarsa bisa zaɓin mutumin da bai san wa yake yi wa aiki ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Daga 1 ga Janairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, abin da ya kai kuɗin makarantar Eton ta maza wajen fam 63,000 a shekara. Ga kuma faɗuwar Naira tun daga Yunin 2023, har fam guda ya haura Naira 2,000 a 2024. Da wannan lissafi, shekara guda a irin wannan makaranta ta zarce Naira miliyan 120. Su ma makarantun sun fahimci cewa aljihun iyaye ya jigata, wasu suka fara biyo su gida: Charterhouse ta buɗe reshe a Legas a 2024.

Adalci ne in faɗi cewa akwai abin da waɗannan mutane suka sani wanda iyaye ba su sani ba. Wasu makarantun da ke ɗaukar yara 'yan shekara 13 tun yaro yana da 10 ko 11 suke so a yi masa rajista ya zauna jarrabawar share fage. Ga batun bizar ɗalibi ƙarami, ga neman mariƙi mazaunin ƙasar da zai tsaya wa yaro lokacin hutun tsakiyar zango. Mahaifin da ya ce shi kaɗai zai bi wannan daji yana iya ɓata. Mu kanmu da shawara aka raine mu. Hedimastanmu na firamare ne ya cike mana takardun jarrabawar shiga sakandare, ya ce wane ya nemi kwalejin gwamnatin tarayya, wane kuma makarantar kimiyya. Sai dai shi shekara shida ya yi yana kallonmu, ya san mai kuka idan ya yi nisa da gida, kuma ba wanda ya ba shi kwabo a kan kowannenmu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ya zo ne bayan mako biyu. An ce yarinyar ta rubuta insha'i a kan kanta don a haɗa da takardun neman gurbi. Ta rubuta shafi guda a kan kakarta da ke Funtuwa da yadda take koya mata kiwon tantabaru, da kurakuran nahawu irin na 'yar shekara 12, amma da rai a cikinsa. Aka tura wa matar don ta duba. Abin da ya dawo ba kaka, ba tantabara, sai jimloli masu santsi a kan shugabanci da kishin duniya, waɗanda ko ɗalibaina na aji huɗu ba sa rubuta irinsu. Ta kuma ƙara da shawarar a daina yi wa yarinyar Hausa a gida har sai ta wuce intabiyu, wai don harshenta ya goge.

A nan kam an shigo gonata. Masanin harshe Jim Cummins na Kanada ya nuna tun wajajen 1979 cewa Turancin hira daban, Turancin karatu daban. Yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kamar shekara biyu, amma harshen da ake fahimtar darasi da rubuta hujja da shi kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai, kuma ƙarfin harshen uwa gina shi yake yi, ba rushe shi ba. A gida ma, gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Horon wata uku zai iya sa yarinya ta burge mai intabiyu na minti ashirin. Ranar da ta shiga aji kuma, da ainihin abin da ke kanta za ta zauna, a makarantar da ta ɗauki wata yarinya ta takarda wadda ba ita ba ce, nesa da uwa, cikin sanyin da ba ta saba ba.

Kada a ce ina kambama abu. A 2019 hukumomin Amurka suka bankaɗo wani mai ba da shawara, Rick Singer, wanda ya karɓi kimanin dala miliyan 25 daga attajirai don cusa 'ya'yansu manyan jami'o'i ta hanyar maguɗin jarrabawa da shaidar ƙarya. An yanke masa ɗaurin shekara uku da rabi a 2023, wasu iyayen ma sun sha ɗauri. Ban ce gyara insha'i daidai yake da wannan ba, amma hanyar ɗaya ce, kuma yaron yana kallon iyayensa suna sa hannu a kan abin da ya san ba nasa ba ne.

Saboda haka na ce wa aminina ya koma da tambayoyi, ya kuma nemi amsa a rubuce. Wa ke biyanki, kuma nawa? Makarantu nawa kike da yarjejeniya da su, kuma kin taɓa kai yaro wadda ba ta biyanki? Za ki haɗa ni da iyayen da ɗansu bai ji daɗin makarantar ba har suka cire shi? Na kuma ce ya je wajen malamar ajin yarinyar, wadda ta fi kowa sanin karatunta amma ba wanda ya tuntuɓe ta, sannan ya zaunar da ita yarinyar ya ji ko tana son tafiyar ma.

Ya koma. Matar ba ta ɓoye ba, ta ce dukkan makarantun ukun suna biyanta, sauran tambayoyin kuma ta ce za ta aiko da amsa. Har yanzu yana jira. Kafin nan ya mayar da kaka da tantabarunta cikin insha'in, ya ce da yarinyar ta gyara nahawun da kanta.