Lafiya Na Bukatar Cibiyar Binciken Laifuffuka Mai Cin Gashin Kanta

Ranar 7 ga watan Mayu, 2013, 'yan ƙungiyar Ombatse suka yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna a ƙauyen Alakyo da ke kusa da Lafiya, suka hallaka 'yan sanda da jami'an farin kaya fiye da 60. Gwamna Umaru Tanko Al-Makura ya naɗa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Fola Gbadeyan, ta zauna, ta miƙa rahoto, ta watse. Haka hukumomin bincike suke: sai gobara ta cinye gida ake kiransu su auna toka.

Abin da Jihar Nasarawa ta rasa shi ne cibiya ta dindindin wadda aikinta kullum shi ne bin ƙauyuka da kasuwanni da tashoshin mota tana tambayar talakawa: wa aka yi wa fashi, wa aka sace, nawa aka biya, me ya hana a kai ƙara? Littafin 'yan sanda ba ya ɗauke da wannan, domin wanda bai amince da caji ofis ba, ba ya zuwa can.

'Yan Arewa mazauna Ikko ba baƙi ba ne ga irin wannan aiki. A can marigayi Innocent Chukwuma ya kafa gidauniyar CLEEN a 1998, ta yi shekaru tana ƙidayar waɗanda laifi ya shafa, da gudummawar gidauniyoyin Amurka irin su MacArthur. An gode musu, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ran da baƙo ya janye hannu aiki ya tsaya.

Gwamnati ma ba ta fi ba. A watan Disamba 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya sun biya kuɗin fansa naira tiriliyan 2.23 cikin shekara guda. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ce an yi wa shafinta kutse, ya rufe na makonni.

Tun 2011 Lafiya take da Jami'ar Tarayya, malamai ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne asusu wanda doka za ta kare, asusun TETFund ya zuba nasa, attajirai da ƙungiyoyin 'yan jihar da ke Ikko da Ibadan da Fatakwal su zuba nasu, a riƙa buga sunan kowane mai bayarwa, a kuma wallafa kowane rahoto ba tare da jiran sa hannun gwamna ba.