Kumburin tonsil: Wane yaro ne ke buƙatar tiyata, kuma wace iri?

Iyaye da yawa suna ɗaukar minsharin yaro a matsayin alamar barci mai daɗi. Sau da yawa ba haka ba ne. Yaron da ke kwana baki buɗe, numfashinsa na ɗaukewa ya dawo da ƙarfi, ya tashi a gajiye ko ya riƙa fitsarin kwance bayan ya daina, akwai yiwuwar tsokoki biyun nan na gefen maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira tonsil, sun girma har suna toshe masa hanyar iska.

Girman kaɗai ba ya wajabta tiyata. Tonsil kan yi girma a ƙuruciya, sannan ya ragu da kansa idan yaro ya doshi balaga. Dalilai biyu ne suka fi kai yaro ɗakin tiyata: toshewar numfashi cikin barci, da ciwon maƙogwaro mai yawan dawowa. Ma'aunin da likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ke bi shi ne ciwon ya zo sau 7 a shekara guda, ko sau 5 a kowace shekara har shekara 2, ko sau 3 a kowace shekara har shekara 3. Abin da bai kai haka ba, yawanci magani da sa ido sun isa.

Aikin iri biyu ne, kuma ta baki ake yinsa bayan an sa yaro barci. Ko a cire tonsil ɗin gaba ɗaya, wanda ya fi dacewa da mai yawan ciwon maƙogwaro, ko a rage shi a bar ɗan siriri a jikin bango. Ragewar ta fi sauƙin zafi da zubar jini, yaro kuma ya fi saurin komawa cin abinci, sai dai wani lokaci tsokar kan sake tohowa. Idan tsokar bayan hanci ma ta kumbura, akan haɗa da ita. Haƙƙin iyaye ne su tambayi likita wanne zai yi, kuma me ya sa. Mai cutar sikila kuwa a faɗa tun farko, domin shirinsa daban ne.

Bayan aiki, warkewa kan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Jini na iya ɓallewa ko bayan mako guda, lokacin da ɓawon gyambon ke faɗuwa. Ko kaɗan aka gani, a koma asibiti a daren. Kada a ba yaron kodin: tun 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa bayan mutuwar wasu yara da aka yi wa wannan aiki.

Babbar matsalar a arewa ita ce inda ake fara kai yaron. Wanzami belu yake yankewa, ba tonsil ba, don haka toshewar tana nan, ga haɗarin zubar jini da tetanus. Ƙwararrun suna manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, nesa da mutumin karkara. Ya kamata gwamnatocin jihohi su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar iyaye yadda yaro ke barci, su kuma tura shi gaba da wuri.