Ganyen Kankanarka Ya Nannaɗe? Dakata Kafin Ka Sayi Maganin Feshi

Ɗan'uwa, ka san yadda abin yake. Wani matashi mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa a Karaye, ko mai lambu a fadamun Rogo, zai ɗora hoton kankana ko gwanda a Facebook: ganye ya yi rawaya-rawaya, ya nannaɗe, 'ya'ya sun ƙanƙance. Kafin minti goma kowa ya zama malamin gona. Wannan ya ce a ƙara taki, wancan ya kawo sunan maganin feshi. Mai gona ya ciyo bashi ya fesa, amma shiru kake ji.

Ga abin da ba a cika faɗa maka ba: idan bairas ce ta kama shuka, babu feshin da zai warkar da ita. Magani zai iya rage ƙwarin da ke yaɗa cutar, irin su darba da farin ƙuda, amma wadda ta kamu ta kamu. Kuma da ido kaɗai, ko ƙwararre na iya rikita alamunta da ƙarancin taki.

To yaya ake gano sabuwar bairas? A da, gwaji yakan nemo cutar da aka riga aka sani ne kawai. Tun wajen 2009 masana suka fara amfani da na'urar da ke karanta duk ƙwayoyin halittar da ke cikin ganye. Kwamfuta ta ware na shukar gefe, ta gwada ragowar da jerin cututtukan da aka sani. Abin da bai yi kama da kowa ba, shi ne baƙon. Ta haka aka bankaɗo bairas masu yawa a inabi, lemo da sauran itatuwa.

Kada ka ce labarin nesa ne. Bairas ɗin tumatir da ake kira ToBRFV an fara ganinta a Isra'ila a 2014 da Jodan a 2015. Zuwa 2018 ta isa Jamus, Meziko da Amurka. Tana bin iri, hannu da kayan aiki. A nan gida, an tabbatar da bairas mai cure ganyen ayaba a jihar Ogun a 2012, kuma masanan cibiyar IITA ta Ibadan na cikin waɗanda suka gano ta. Ayabar da ta kamu tun tana ƙarama ba ta 'ya'ya, sai dai a tuge ta. Hanyarta? Darba, da 'ya'yan ayaba da ake ɗauka daga gona zuwa gona.

Mu ma mun ɗanɗana kuɗarmu. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa Sharon, ta cinye tumatir a Kano, Katsina, Jigawa da Kaduna, har kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa ya tsaya. Ita ƙwaro ce, ido na ganinta, amma ta shammace mu. Ina ga wadda ido ba ya gani? Rogo kuwa tana iyaka da Kaduna da Katsina. Iri da dashe na shige da fice kowace ranar kasuwa, ba mai tambayar asalinsu.

Na'ura ba ta zuwa gona da ƙafarta. Sai wani ya lura, ya kai rahoto. Nan ne aikinka yake. Ɗauki hoto mai kyau, rubuta rana, wuri da inda aka sayo irin. Kai wa malamin gona na KNARDA, ka nemi a tura ganyen gaba: akwai IAR a Samaru, reshen NIHORT a Bagauda, da cibiyar binciken noma a busasshiyar ƙasa ta Jami'ar Bayero. Kafin amsa ta zo, ka tuge shukar da ta kamu ka ƙone, ka wanke hannu da wuƙa da sabulu, kada ka ba maƙwabci dashe daga gonar.

In ka ga irin hoton nan gobe, kada ka rubuta sunan maganin da ba ka da tabbas a kansa. Tambaye shi: ka nuna wa malamin gona?