Kada A Sayo Ƙananan Kwamfutoci Sai An Koya Wa Malamai Gyaransu

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar yin jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, ta mai da ita gaba ɗaya bisa kwamfuta. Watau yaron da ya tashi a Dutsen Abba, ko wani ƙauye na ƙasar Zazzau, zai zauna gaban irin allon da ɗan Ikko ya ke zaune, a ba su tambayoyi iri ɗaya da lokaci ɗaya, alhali kuwa wataƙila ran nan ne ya fara aza yatsansa bisa na'urar. In ya faɗi sai a ce ba shi da ƙoƙari. Mu kuwa da mu ke horon malamai mun san ba nan laifin ya ke ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, ga kwalejoji kewaye da gari, bai kamata a ce ɗan ƙasar Zariya yana tsoron kwamfuta kamar ya ga dodo ba.

Sabo da haka mu ke so mu jawo hankalin malaman makaranta, da akawuna na ƙananan hukumomi, waɗanda su ka gaji aikin En'e tun gyaran mulki na 1976, zuwa ga wata hanya mai sauƙin kuɗi. Amma fa hanyar tana da sharaɗi, kuma saboda sharaɗin nan ne mu ka ɗauki alƙalami.

Akwai wasu ƙananan kwamfutoci waɗanda girmansu bai wuce tafin hannu ba. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Raspberry Pi, wadda wata ƙungiya ta birnin Kambirij a Ingila ta fitar a watan Fabrairu na 2012 bisa dala 35, musamman domin yaran makaranta su koyi aikin kwamfuta. Akwai kuma 'yan'uwanta, kamar Orange Pi da Banana Pi. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsu irin ta ARM ce, wadda kamfanin Acorn ya fara ƙerawa a Kambirij ɗin a 1985, kuma ita ce a cikin kusan kowace wayar hannu da ke aljihunmu yau. Babban amfaninta shi ne ba ta cin wuta. Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019, ba ta kai cin wat 10 ba in ba a haɗa da allon kallo ba, sabo da haka ƙaramin faifan sola da batir sun ishe ta wuni.

Babbar manhajar da ke tafiyar da su ita ce Linux, wadda wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Kyauta ce. Kowa yana da izinin ya kwafe ta, ya raba, ya gyara, ba wanda zai kira shi ɓarawo. Wayoyin Android ma a kanta a ka gina su. In an ɗora wa ƙaramar kwamfutar nan manhaja irin su Kiwix ko Kolibri, sai ta zama ɗakin karatu: tana ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa, da darussan lissafi da kimiyya, tana kuma rarraba su ga wayoyi da sauran na'urorin da ke cikin aji ba tare da intanet ba. A cikin Linux akwai kuma tsarin madannai na Hausa, wanda ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata.

To, wanda ya ji wannan sai ya ce a yi maza a ba da kwangila. A nan ne mu ke cewa a dakata.

A 2007 an raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima, a gefen Abuja, ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore da fari na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, su ma Linux ce a cikinsu. Labarin ya zaga duniya, amma shirin bai bazu zuwa sauran makarantun ƙasa yadda a ka yi fata ba. Kuma duk mai zagaya makarantu ya san ɗakunan ajiya inda kwamfutoci ke jibge cikin ƙura, an kawo su da kiɗa da jawabi, bayan wata shida sun mutu, wanda ya kawo su ya koma birni, babu wanda ya san inda zai taɓa. Sau da yawa abin da ya kashe su bai kai kuɗin buhun masara ba. Ra'ayinmu shi ne, na'urar da malamin makaranta bai iya ɗora mata manhaja da hannunsa ba, bai kuma iya gano ciwonta ba, asarar kuɗin jama'a ce tun ran da a ka saye ta.

Kada kuwa a ɗauka aikin ya fi ƙarfin malami. Bari mu bayyana shi a taƙaice, don mai karatu ya auna da kansa.

Waɗannan na'urori yawanci ba su da faifan ajiya a ciki. Daga ɗan katin ajiya irin na waya su ke tashi. Ɗora manhaja shi ne a samo kwafinta, a rubuta shi bisa katin da wata kwamfuta, a zura katin, a ba da wuta. Masu Raspberry Pi sun fitar da wata manhaja mai suna Raspberry Pi Imager a 2020 wadda ke yin rubutun, har ta ba mutum dama ya sa sunansa da kalmar sirri tun kafin na'urar ta tashi. A lura, rubutun yana shafe duk abin da ke cikin katin.

Wurin da sabon shiga ya fi yin tuntuɓe shi ne zaɓen kwafi. Manyan kwamfutoci na ofis suna da wani tsari a ciki wanda ke gaya wa manhaja kayan da ke jikinsu, shi ya sa faifai ɗaya ke tada kusan kowace iri. Yawancin ƙananan allunan ARM ba su da wannan. Kowane allo yana bukatar tasa manhajar tashi, irin su U-Boot, da tasa taswirar da ke nuna wa Linux inda kowane sashe ya ke. Kwafin da a ka yi domin Orange Pi ba zai tada Raspberry Pi ba, ko da kamanninsu ɗaya ne. Masu aikin Armbian suna shirya kwafi dabam dabam domin alluna masu yawa. Ka'ida ta fari ke nan: a karanta sunan da lambar da ke rubuce bisa allon, a nemo kwafin da ya dace da shi daidai.

In na'ura ta ƙi tashi, ko tana aiki tana tsayawa, a ƙasarmu ta Arewa galibi ciwon ba ya wuce huɗu.

Na ɗaya, wuta. Raspberry Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3. Cajar waya ta araha, ko siririyar igiya mai tsawo, ba ta kai wannan. Da zarar ƙarfin ya sauka ƙasa da bolt 4.63 na'urar kan ba da gargaɗi, jar fitilarta ta ɗauke, ta rage sauri, wani lokaci ta sake tashi da kanta. Mutane kan zargi manhaja su yi ta sake ɗorawa, alhali caja ce kawai za a canza. Araha ba ta ado.

Na biyu, kati. Kasuwa cike ta ke da katunan jabu waɗanda a ka rubuta musu girman da ba su da shi. Suna karɓar manhaja lafiya, sai an cika su sa'an nan kome ya lalace. Akwai manhajojin gwaji na kyauta, H2testw da f3, da ke tona asirinsu kafin a yi amfani da su. Ko katin ƙwarai ma yana lalacewa in an ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, mu kuwa ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne. Magani shi ne a sa batir tsakanin na'ura da wutar gari, a koya wa yara kashe ta ta hanyar da a ka tsara maimakon fizge igiya, a kunna tsarin da ke hana rubutu bisa katin in ba da bukata ba, sa'an nan a ajiye kati na biyu mai ɗauke da kwafin kome a aljihun teburin hedimasta.

Na uku, zafi da ƙura. A watannin Maris da Afrilu zafin Zariya kan kusanci digiri 40 a inuwa, balle ajin da ke ƙarƙashin kwano ba silin. In ƙwaƙwalwar na'urar ta haura digiri 80 sai ta rage wa kanta sauri don kada ta ƙone. Ɗan ƙarfe mai shan zafi da 'yar fanka sun wadatar, muddin a na share ƙurar hunturu da ke toshe su.

Na huɗu, agogo. Kafin Raspberry Pi 5 ta 2023, yawancin waɗannan na'urori ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya bayan an kashe su, daga intanet su ke karɓar lokaci. A makarantar da babu intanet kwanan watansu kan kauce, wanda kan hana sabunta manhaja ran da a ka samu layi, ya kuma rikita rajistar aikin yara. Ɗan agogo mai batir kamar kwabo, wanda a ke maƙalawa bisa allon, yana raba wannan gardama.

Bayan waɗannan, na'urar da kanta tana faɗin ciwonta ga wanda ya san harshenta. Koriyar fitilar Raspberry Pi kan yi ƙiftawa dogaye da gajeru bisa ƙidaya, kowace ƙidaya da ma'anarta a cikin jadawalin masu ƙera ta. Akwai kuma wata 'yar igiya da a ke haɗawa daga ƙusoshin allon zuwa wata kwamfuta, sai a riƙa karanta duk abin da na'urar ke yi tun daga tashinta har inda ta tsaya. Sai dai a kiyaye, ƙusoshin nan bolt 3.3 su ke ɗauka, wanda ya ba su bolt 5 ya ƙona allon. Yanzu a gaya mana, a cikin duk abin da mu ka lissafa, wanne ne ya gagari mutumin da ya iya koya wa yara sittin lissafin kashi?

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Wasu za su ce makarantar da yara ke zaune a ƙasa, rufinta na yoyo, ina ruwanta da kwamfuta? Gaskiya ne benci da rufi su ne gaba. Amma jarrabawa ba za ta jira mu gama rufi ba, kuma ba mu ce a sayi arba'in ga kowace makaranta ba. Biyu ko uku da ke aiki kullum sun fi arba'in da ke kulle a sito. Wasu kuma za su ce Windows a ke amfani da ita a ofisoshi, don me za a koya wa yara wata dabam? Amsa ita ce, yaron da ya iya buga rubutu, ya iya sarrafa linzami, ya iya buɗe fayil da ajiye shi, cikin 'yan kwanaki zai saba da kowace manhaja. Na uku za su ce faɗuwar darajar naira ta sa kayan ba su da arahar da a ke faɗi, ga kuɗin allon kallo da madannai da batir. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ya ƙara ƙarfafa maganarmu: abin da a ka saya da tsada bai kamata a bar shi ya mutu sabo da caja ba.

Ga abin da mu ke roƙo. Kwalejojin horon malamai su sa wannan aiki cikin darussan koyon sana'a, kada ɗalibi ya karɓi takardar shaida a fannin kwamfuta sai ya ɗora Linux bisa katin da babu kome a ciki, an kuma ɓata masa na'ura da gangan ya gano ciwon ya gyara. Hukumomin ilmi na jiha da na ƙananan hukumomi kada su kai na'ura makarantar da ba ta da aƙalla malamai biyu da su ka sami wannan horo, domin in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki ɗaya ya rage. Akawunan da ke rubuta takardar sayen kaya su sa cajar asali, da katin ajiya na biyu, da batir, da fanka a cikin lissafi tun farko, su kuma ƙi sa hannu a kan karɓar kaya sai an gwada kowane kati a gabansu. Kowace makaranta ta buɗe littafi, kamar rajistar yara, inda za a rubuta ranar da na'ura ta tsaya, da alamar da ta nuna, da abin da a ka yi mata, domin na baya ya amfana da wahalar na gaba. Masu duba makarantu su riƙa neman littafin nan in sun zo rangadi.

Mutanen Zariya ba baƙin injuna ba ne. Tun da a ka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, littattafai da jaridun da su ka ilmantar da Arewa sun fito ne domin akwai masu haɗa baƙaƙe da masu kula da injin ɗab'i a nan gida, ba a jiran wani ya zo daga ƙetare duk ran da inji ya tsaya. Irin wannan mu ke so a yi wa kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. In mu na son ɗan Dutsen Abba ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙarfin zuciya, sai mu fara da malaminsa tun yanzu.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan magana da idon basira, Ya sa wa ilmin 'ya'yanmu albarka, amin.