Mai Ciki, Tsince Gyaɗarki Kafin Ta Shiga Tukunya

Uwargida, kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yajin da ake barbaɗa miki abinci ne masu gina jiki, kuma ba mu ce ki daina ci ba. Amma a ganinmu, gyaɗa ko masarar da ƙwari suka huda bai kamata ta shiga bakin mai ciki ba, komai arharta.

Ga dalili. Gyaɗa mai lafiya tana yin wasu sinadarai a jikinta da take korar funfuna da su. Idan ruwa ya ɗauke kafin ta ƙosa, wannan kariya takan yi rauni. Sai gara da tsutsa su huda kwanson, funfunar da ke cikin ƙasa ta sami ƙofa. A rumbu ma haka ne, domin numfashin ƙwari yana ƙara ɗumi da laima, abin da funfuna ke so ke nan. Ita wannan funfuna, mai suna Aspergillus flavus, ita ke fitar da gubar da ake kira aflatoksin.

An gano gubar ne bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin abinci mai tunkuzar gyaɗa. A Kenya kuma, a 2004, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Ko ba ta kashe nan take ba, tana cin hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da ke cikinki, tana kuma fita a ruwan nono. Binciken da aka yi a Gambiya ya nuna cewa jariran matan da gubar ta yi yawa a jininsu lokacin goyon ciki sun fi jinkirin girma.

Wata za ta ce ai wuta na kashe komai. Suya da dafuwa ba sa kashe wannan guba. A masana'antun mai irin na Bompai da Sharada, tacewa tana raba man da mafi yawan gubar, amma tana zama a tunkuza. Saboda haka ƙuli-ƙulin da aka yi da ragowar tsintar gyaɗa abin gudu ne.

Me za ki yi? Ki shanya gyaɗa da masara a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, har su bushe ƙayau. Ki zauna ki tsince mai huji, da motsattsiya, da wadda ta canza launi, ki zubar. Kada ki ba awaki ko saniya, domin gubar na fita a madara. Ki ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Idan kin ji ɗaci a baki, ki tofar.

Maigida, kai ke zuwa Dawanau cefane, kada arha ta ruɗe ka. Idan kana noma, ka tambayi malamin gona maganin Aflasafe na cibiyar IITA da ke Ibadan. Irin funfunar ce wadda ba ta yin guba, ana watsa ta a gona ta rinjayi mai gubar.

Ki nemi gwajin ciwon hanta a wurin awo, kuma a yi wa jariri allurar rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa. Allah Ya sauke ki lafiya, amin.